Anti Testa da Mukullin Ɗakin Makafi

Ƙarfe bakwai da kwata take shigowa laburarenmu, kafin mai gadi ya gama buɗe tagogi. Ba ta fara zuwa ɗan ɗakinta na ƙarƙashin bene. Da jakarta a kafaɗa take zagaya ginin, hannuwa a baya, tana jan iska ta hanci. Ta tsaya a bakin ɗakin jaridu ta shaƙa, ta leƙa ɗakin yara ta shaƙa, ta durƙusa bayan injin kwafi ta shaƙa. Baƙo zai ɗauka mura ke damunta. Ita kuwa wayoyin wuta take sansanawa, domin a cewarta waya takan yi kwanaki tana wari kafin ta kama.

Sunanta na yanka yana cikin takardun ofis, a can ya tsaya. Kowa Anti Testa yake ce mata, har wanda ya girme ta, saboda testa, 'yar sukundirebar nan mai ƙwan fitila a ciki, wadda ke kawo haske idan ta taɓa waya mai wuta. A ɗaurin ɗankwalinta take soke ta, inda wasu matan ke soke biro. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana kula da duk abin da ake jonawa a bango a ginin nan, tun ana yayin rediyo mai kaset har aka zo kan kwamfuta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma da yawa daga masu zama ƙarƙashin fankokin da take shafa wa mai ba su ma san fuskarta ba.

Waɗanda suka sani kuwa, sun sani. Iya mai shara ta ce a gabanta Anti ta taɓa tashin ɗalibai arba'in daga ɗakin sama, ana saura kwana biyu jarrabawa, suna ta ƙunƙuni suna harararta, saboda wani wari da ba wanda ya ji sai ita. Da aka ɓalle silin aka tarar ɓera ya gaigaye waya, katakon da ke kusa har ya fara baƙi. Ma'aikaciyar ɗakin yara ta ce wata Juma'a Anti ta hangi wata 'yar shekara uku tana kallon soket da fil ɗin gashi a hannu. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Da aka dawo ranar Litinin, duk soket ɗin ɗakin sun koma sama, inda sai babba ya miƙa hannu.

Tana da wata doka kuma da ba ta karyawa. Ba ta kwance na'urar da ta mutu sai ta ji labarin mutuwar daga bakin wanda ke wurin. Me ka ji? Wane wari ka shaƙa? Ina hannunka yake? Ma'aikata suna kiran wannan kotun Anti, kuma har Shugaban laburaren ya taɓa gurfana.

Amma abin da ya sa masu zuwa ɗakin ƙasa ba za su manta da ita ba, wata Laraba ce ta bana.

Ɗakin ƙasa shi ne ɗakin makafi. Yana gefen ƙofar baya, da tebur ɗaya, kujeru huɗu, da kwamfuta ɗaya tilo mai karanta littafi da murya. Mutum goma sha ɗaya ne ke amfani da ita, jagoransu kuma Baba Malam, tsohon malamin lissafi wanda idonsa ya tafi bayan ya haura hamsin. A da, ba a buɗe ɗakin sai wani ma'aikaci ya sami sarari ya zo ya zauna da su. Baba Malam ya rubuta takarda, ya sake rubutawa, ya hau bene ya sauko har gwiwa ta fara ƙara, kafin Shugaba ya yarda ya ba shi mukulli shekara biyu da suka wuce. Shugaba ba mugu ba ne. Mutum ne da aka damƙa wa gini cike da takarda, kuma ba abin da ke hana shi sukuni kamar gobara. Sharaɗi ɗaya ya kafa a gaban kowa: ranar da aka yi ɓarna a ɗakin ba mai ido a ciki, ranar mukulli zai dawo aljihunsa.

To, ranar Larabar da hantsi Iya tana goge baranda ta ji wani abu ya ce fau a ɗakin ƙasa. Ta yar da tsumma ta ruga. Wani siririn hayaƙi na fita ta bayan kwamfutar, Baba Malam kuma yana zaune, hannuwa bisa gwiwa, a miƙe kamar wanda za a ɗauka hoto.

Anti Testa ta iso kafin Iya ta rufe baki. Ta fara zare wayar daga bango, ta buɗe taga, sannan ta jawo kujera ta zauna. Kotu ta zauna ke nan. Shugaba ma ya sauko, tabarau a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya Malam, me ka ji?"

"Abin da kowa ya ji, Injiniya. Fau."

"Kafin fau ɗin nake tambaya."

"Tana karanta mini littafin kiwon zuma. Mun zo daidai inda ake raba amya biyu, sai ta yi shiru."

"Ina hannunka yake?"

"A jikina, inda Allah ya dasa shi."

Iya ta toshe baki da gefen zani. Shugaba bai yi dariya ba.

"Wuta ce ta zo da ƙarfi," ya ce, da muryar mai roƙon a ce masa haka ne. "Fiyus ne ya ƙone, ko? Ki canza shi a wuce wurin."

Anti ta ɗaga kai. Fankar sama na juyawa abinta, ƙwan fitila na ci, 'yar sifikar da ke jone a soket ɗaya da kwamfutar ma koriyar fitilarta na nan. Wutar da ta zo da hauka ba ta shiga ɗaki ta zaɓi abu ɗaya ta bar saura. Ta rungumi kwamfutar kamar jaririya, ta ce za ta duba, ta yi ƙarƙashin bene da ita.

A bayan kowace kwamfutar tebur akwai wani akwatin ƙarfe da wayar bango ke shiga cikinsa. Masu gyara suna ce masa pawa. Shi ke karɓar wutar bango, ya tausasa ta, ya rarraba wa sauran kayan ciki daidai ƙarfinsu. Idan ya lalace, ko ya mutu shi kaɗai, ko ya ja na kusa da shi. Na wannan kwamfutar tsohon yayi ne, kuma a bayansa akwai makunni biyu. Ɗaya baƙi, babba, na kashewa da kunnawa. Ɗayan ja ne, ɗan ƙarami, a ƙasa kaɗan, ana tura shi gefe ne da farce. An yi shi domin ƙasashen da wutar bangonsu rabin tamu ce a ƙarfi. Wanda ya tura shi can alhali wutarmu na ciki, ya ɗura wa akwatin ninki biyu na abin da yake jira.

Anti ta haska tocila. Ƙurar shekara takwas ta kwanta a bayan akwatin kamar bargo, a kan noti, a kan ragar fanka, a kan baƙin makunnin. Jan makunnin kaɗai ne fes, yana sheƙi, da 'yar shaidar farce a gefensa. Kuma yana zaune daidai inda ya kamata ya zauna. An tura shi, an ji fau, an yi maza an mayar.

Ta ajiye tocilar a hankali. Ta gane, kuma ba ta ji daɗin ganewar ba.

Ta jira wutar da akwatin ke tarawa ta tsiyaye, sannan ta kwance murfin. Fiyus ya yi baƙi ƙirin. Wani ɗan faifai shuɗi ya fashe, ya watsa toka. Manyan gwangwanaye biyu masu riƙe wuta sun kumbura ta sama kamar burodin da ya tashi. Domin ta tabbatar, ta sa sabon fiyus daga jakarta, ta ajiye akwatin shi kaɗai a kan teburinta nesa da kwamfutar, ta ja baya ta jona.

Fankar cikinsa ta fara juyawa.

Ya tashi. Ta ɗora mitarta a kan wayoyinsa, lambobin suka hau suka sauka, suka sake hawa, sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Amma ya tashi, kuma duk wanda ya leƙo zai ce gyara ya yi kyau.

Tana kallon lambobin ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas na sanda a kan siminti. Baba Malam ya sunkuyar da kai daidai inda benen ke buge mutane, ya shigo, ya tura ƙofar da dugadugi. Ya karkata kunne.

"Wannan ba kukan fankarsa ba ne? Ashe ya tashi. Hannunki da albarka, Injiniya."

"Zauna, Yaya Malam. Ga kujera a hagunka."

Ya zauna. Ta bar shi ya gama gyara riga.

"Farcenka na babban yatsa," ta ce, "akwai ƙura a ƙarƙashinsa."

Ya ɗaga yatsan kamar zai duba, sai ya tuna, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Shekara talatin ina kama yara da satar amsa. Ban san haka suke ji ba."

"Ba kama ka na yi ba. Ina so ka san inda muke ne." Ta zare wayar, fankar ta yi ta lafawa har ta tsaya. "Hanya biyu ce. In mayar da wannan, ba takarda, ba tambaya, fiyus ɗin daga jakata ya fito. Ko in sa sabo. Sabon yana sito, ba ya fita sai Shugaba ya sa hannu, kuma a takardar akwai layin da aka rubuta musabbabin lalacewa."

"Ki rubuta wuta ce. Shi ma haka ya ce."

"Ban taɓa rubuta abin da ba shi ba ne a layin nan."

"To ki mayar da tsohon. Ai da kunnena na ji yana aiki."

"Yana aiki. Yau zai yi, gobe zai yi, wataƙila har wata uku. Ya sha duka a ciki, Yaya Malam, gwangwanayensa sun kumbura. Ranar da zai gaji, ban san ko shiru zai mutu ko da wuta ba. Wa ke zama a ɗakin ranar Asabar?"

Ya san ko wace ce. Wata yarinya ce mai karatun lauya, ita kaɗai take wuni, abin sauraro a kunne, ƙofa a rufe.

Baba Malam ya sa hannu a wuyan rigarsa ya jawo igiyar da mukullin ke rataye. Ya riƙe shi a tafin hannu.

"Ƙanwata, kin san ko mene ne wannan? Shekara shida ina zama a bencin baranda, ina jiran wanda na koya wa ɗaya da ɗaya ya gama shan shayi ya zo ya buɗe mini ƙofa. In ya zo kuma ya zauna a bayana yana hamma, yana duba agogo. Littafi ba ya shiga kai in ana hamma a bayanka. Mu goma sha ɗaya ne. Saboda yatsana ɗaya za a mayar da mu benci?"

Anti ta kalli fiyus ɗin, ta kalli murfin, ta kalli noti huɗu da ke jere a kan tebur. Minti biyar ya isa ta ɗaure komai, ba wanda zai taɓa sani. Ta faɗa daga baya cewa hannunta har ya kai kan sukundireba. Abin da ya tsayar da ita, dokarta ce. Ba ta gama jin labarin ba.

"Me ya kai hannunka can tun farko?"

"Ai ke ce."

"Ni?"

"Ranar da aka ba ni mukulli. Kika ce, Yaya Malam, in ta taɓa daskarewa, maɓallin gaba ya ƙi ji, ka kai hannu baya, kusa da inda waya ta shiga akwai makunni, ka kashe ka kunna. Ba ta taɓa daskarewa ba sai yau. Na kai hannu, na sami makunni. Ya yi tauri, na ce tsufa ne, na sa farce."

Anti ta ji kamar an kwara mata ruwan sanyi. Haka ta faɗa, ta tuna, kalma da kalma. Akwai makunni. Ba ta ce biyu ba ne, domin a idonta ɗaya ne: baƙin, babban, wanda ba mai kallon da zai kuskure shi. Ta juya akwatin yadda yake zama a kan tebur, ta zauna a gabansa, ta rufe ido, ta zagaya da hannu ta gefe kamar yadda mai zama a kujera zai yi. Yatsunta suka bi waya, suka kai inda ta shiga, suka gangara.

Kan jan suka sauka.

Ta sake. Nan suka sauka. Ta miƙe da sauri har kanta ya daki benen da ta shekara talatin tana kauce wa.

"Tashi mu je."

"Ina?"

"Ɗakinku. Zan kira Shugaba."

"Kin sayar da ni ke nan, Injiniya."

"Kai za ka faɗa da bakinka, ba ni ba. Sauran ka bar mini."

Ta ɗaure mataccen akwatin a jikin kwamfutar, ta mayar da ita mazauninta a kan tebur, ta cusa wayar a bayanta amma ba ta jona a bango ba. Iya ta hau ta kira Shugaba, ta kuma ƙi komawa bakin aikinta, ta tsaya tana goge ƙofar da ta riga ta goge.

Baba Malam bai yi kwana-kwana ba. Ya miƙe tsaye ya faɗi komai, har mayarwar da ya yi da shirun da ya yi. Sannan ya cire igiyar daga wuyansa ya ajiye mukullin a kan tebur.

Shugaba ya sauke numfashi. Ya ɗauki mukullin, ransa ba daɗi.

"Malam, kai shaida ne, alkawari muka yi. Da hayaƙin nan ya zama wuta fa? Me zan ce wa iyalanku?"

"Ranka ya daɗe," Anti ta ce, "kafin ka sa shi a aljihu, ka ɗan zauna a kujerar nan."

"Ni? Na yi me?"

"Ba a jone take ba, ga bakin wayar a hannuna. Kana karatu ne, ta daskare. Na ce maka akwai makunni a baya, kusa da inda waya ta shiga. Rufe ido ka kashe mini ita."

"Haba, Anti, da girmana."

"Zai leƙa," Baba Malam ya ce. "Duk masu ido haka suke, ba su da amana."

Kafin Shugaba ya buɗe baki, Iya ta zaro sabon tawul daga bokitinta. "Ban goge komai da shi ba, ranka ya daɗe, ko sau ɗaya." Ta ɗaure masa fuska tamau, da alama ta daɗe tana jiran irin wannan rana.

Shugaban laburare guda, da tawul a fuska, ya miƙa hannu yana lalube. Ya buge sifika. Ya kama gefen tebur. Ya sami wayar, ya bi ta a hankali har gindinta, yatsansa ya gangara ya tsaya.

"Na samu. Amma ya yi tauri."

"Haka na ce ni ma," in ji Baba Malam.

Shugaba ya sa farce. Ƙyas.

"Fau," Iya ta ce a hankali.

Ya fizge tawul ɗin, ya leƙa bayan kwamfutar, ya ga inda yatsansa yake. Baƙin makunnin na sama da shi kaɗan, ko taɓa shi bai yi ba. Ya ce a sake, bai shirya ba ne. Aka sake, ya sake sauka a kan jan. Iya ta ce ita ma sai ta gwada, ai ita ke goge teburin kullum. Ta zauna, ta rufe ido, ta yi bisimilla, ta tafi kai tsaye kan jan kamar an aike ta. Dariya ta kama Baba Malam har sai da ya dafa bango.

Anti ba ta yi dariya ba. Ta riga ta ciro takardar sito tana rubutu a kan gwiwarta. Ta miƙa wa Shugaba. Ya sa tabarau ya karanta, sannan ya sake karantawa a bayyane, saboda wanda ba zai iya gani ba.

"Musabbabin lalacewa: mai gyara ta bar jan makunni a buɗe kusa da na kashewa, ta kuma ba mai amfani rabin bayani." Ya ɗago. "Anti, wannan fayil ɗinki zai shiga. Saura 'yan watanni ki tafi, ba ki da ɗigo ko ɗaya."

"Abin da ya faru ke nan, ranka ya daɗe. Shekara takwas ina kallon bayan na'urar nan, ban taɓa shafa shi ba. Mutanen da na ajiye wa ita kuma da hannu suke gani."

Ya sa hannu a takardar. Amma mukullin na nan a ɗayan hannunsa, kuma kowa a ɗakin ya san da haka, har wanda ba ya gani.

Anti ta tafi sito kusan da gudu, mace mai jikoki, ɗankwali na karkacewa. Ta dawo da sabon akwati a kwalinsa. Ba ta fara ɗaurawa ba, sai da ta ɗora shi a cinyar Baba Malam.

"Duba mini shi. Kai ne sufeto yau."

Ya bi shi da yatsu, gefe da gefe, lungu da lungu, kamar mai karanta wasiƙa.

"Makunni ɗaya na ji."

"Ɗaya ne. Na yanzu da kansu suke gane ƙarfin wuta, ba a tambayarsu."

Ta miƙa wa Shugaba, shi ma ya shafa, ba wanda ya ce masa ya rufe ido amma ya rufe. Sannan ta durƙusa ta hau aiki. Ta gwada sabon da mita, lambobin suka tsaya cak. Ta duba kayan cikin kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, ta sansana, ba wari. Ta jona wayoyi, ta ɗaure noti. Ta kuma jawo wani makunni daban ta kafa a bango, daidai inda hannun mai zama zai kai ba tare da ya zagaya bayan komai ba, ta liƙa masa ɗan tudu na roba. Duk wannan ba wanda ya fita daga ɗakin. Iya ma ta daina yin kamar tana goge ƙofa.

"Yaya Malam, bisimilla."

Ya danna maɓallin gaba. Fanka ta ɗauka. Kowa ya kasa kunne, domin ba wanda ya san ko dukan ya wuce akwatin ya taɓa na ciki. Sai sifikar ta yi 'yar ƙara, muryar nan da suka saba da ita ta gaishe su. Baba Malam ya danna nan ya danna can, muryar ta ɗauko daga inda ta tsaya: idan za a raba amya, a tabbatar kowane ɓangare ya sami ƙwai da abinci.

Iya ta rangaɗa guɗa a cikin laburare, inda ko tari ake yi da izini.

Shugaba ya bari ta gama. Ya matso bakin tebur, ya ajiye mukullin, ya tura shi da yatsa ɗaya a kan katakon, a hankali, yadda za a ji tafiyarsa. Baba Malam ya karkata kai. Ƙarfen ya zo ya taɓa bayan hannunsa.

"Alkawarin ɓarnarku muka yi, Malam," Shugaba ya ce. "Wannan tamu ce."

Baba Malam ya rataya igiyar a wuya, ya cusa ta cikin riga, ya dafe wurin. Sai ya juya wajen da ya ji numfashin Anti ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ƙanwata." Ita kuwa tana ta tattara noti, wai ɗaya ya ɓace mata a ƙarƙashin tebur.

Anti Testa, ke ce wadda hanya mai sauƙi ta zo har kan teburinki, fankarta na juyawa, ba mai ganinki, kika ƙi bi. Ke ce kika ƙi mayar wa makafi da wutar da ba ki yarda da ita ba, kika kuma ƙi barin a mayar da su benci. Da aka rasa inda za a ajiye laifi, ke kika nemo shi da yatsunki, kika tarar naki ne, kika rubuta shi da bironki a fayil ɗin da ya shekara talatin da ɗaya fari tas. Uwar wayoyi, mai tsare gini ba a san ana tsare shi ba.

Ba ki tsaya nan ba. A watannin da suka rage miki, an yi ta ganinki kina zagaya laburaren ido a rufe, kina shafa bango kamar sabuwar makauniya, Baba Malam na gaba yana miki tsiya wai kin cika jan ƙafa. A haka kika gano cewa famfon ruwan zafi da na sanyi a injin shan ruwa siffarsu ɗaya a hannu. A haka kika gano wata waya da ta ratsa hanyar banɗaki, wadda masu ido ke tsallakewa ba su ma san sun tsallake ba. Duk kin gyara, ba a aiko ki ba.

Mun gode, Anti. Masu ɗakin ƙasa su goma sha ɗaya sun gode, ɗaliban sama sun gode, har yaran da ba su san an taɓa ɗaga musu soket ba. Allah ya sa hutun ya karɓe ki, ya bar ki da lafiya da jikokinki.

Ku kuma masu gyara, masu ɗinki, masu gini, masu koyarwa, duk wanda aikinsa ke fita daga hannunsa ya shiga hannun wani: kafin ku ce kun gama, ku zauna a kujerar wanda zai yi amfani da shi, ku kai hannu yadda zai kai. In kuka tarar da wani kuskure a can, ku rubuta sunanku a kai.